Taki Bakwai Cikin Gero

Shekara talatin da ɗaya Malam Ilyasu ya yi yana kiran salla a Tsamiyar Jika, ƙauyen da ke tafiyar sa'a guda a amalanke daga kasuwar Gangara. Ya fara tun ana hawa katangar masallaci a toshe kunne da yatsa, har aka zo zamanin amsa-kuwwa. Da muryarsa manoma ke sanin lokacin jingine hauya, da ita mata ke gane ko girki ya makara. Shi ba wani babban malami ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Izu biyar gare shi, sai ɗan abin da ya tsinta a bakin liman. Sai dai ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma a ƙauye wannan ya fi izu sittin amfani. In gardama ta tashi kan akuya ko kan iyakar gona, akan ce a kira ladan.

Yana da ƙanwa, Barira, uwa ɗaya uba ɗaya, ita kuwa Kirista ce. Ba a faɗin haka a gabansa. Akan ce "mutanen gawo", saboda a gindin wani babban gawo da ke gefen gabas na gonarta suka kafa rumfar zana, inda suke taruwa ran Lahadi, su gida biyar. Yadda abin ya faru ba ɓoyayye ba ne. Mijinta Chindo ya kamu da kuturta tun suna da ɗa guda, dangi suka fara ware masa ƙwarya, ita kuwa ta ɗaure kayanta ta bi shi asibitin mishan da ke can wajen Maradi. Shekara huɗu suka yi. Suka dawo Chindo ya warke, ban da yatsu uku da ciwon ya riga ya ci, suka kuma dawo da wani addini. Yau shekara ashirin da shida ke nan. Chindo ya rasu, ɗan nasu yana koyarwa a makarantar boko can Gidan Rumji, Barira tana noma gonarta da hannunta.

A cikin shekarun nan duka Ilyasu bai taɓa shan ruwa a ƙwaryar ƙanwarsa ba. In sun haɗu a hanya yakan gaishe ta, ya tambayi lafiyar ɗanta, ya wuce. Ranar da aka binne Chindo, daga nesa ya tsaya har aka gama, ya juya gida ba tare da ya ce mata ta yi haƙuri ba. Ba don ba ya sonta ba ne. Shi ya goya ta lokacin da mahaifiyarsu ke zuwa rijiya, shi ya koya mata Fatiha, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, don yana ganin ta zubar da abin da ya ba ta da hannunsa.

Da damina ta faɗi bana, sai mai gari ya rasu. Aka ce bayan kwana arba'in masu gida za su zaɓi wani. Mutum biyu suka fito: Alhaji Hashimu, ɗan marigayin, babban dillalin aya mai mota, da Nasiru, ɗan ƙanin marigayin, wanda ba shi da komai sai farin jini. Da aka zauna aka ƙirga kawuna, sai aka ga tazarar ba ta da yawa, kuma gida biyar ɗin nan na gindin gawo suna bayan Nasiru.

To a nan ne fa garin ya farga cewa akwai masu shan jini a cikinsa. Shekara ashirin da shida ana cin kasuwa da su, ana aron turminsu, ana kiransu gayya, ba wanda ya lura, sai da ƙuri'a ta matso. Aka fara a majalisar mai shayi, aka ce abin da mutanen gawo ke yi ba addini ba ne, ƙungiyar asiri ce. Aka ce sukan rufe ƙofa su ci nama su sha jini, kuma da bakinsu suke faɗa. Aka ce Nasiru ɗan takararsu ne, in ya hau za a wayi gari ƙararrawa ta maye gurbin kiran salla. Kafin mako ya zagayo, mata sun hana 'ya'yansu bi ta hanyar gawo, mai nama ya daina miƙa wa Barira tsoka hannu da hannu, sai dai ya ajiye mata a kan tebur.

Sannan Hashimu ya fito da abin da ya daɗe yana dafawa. Ya ce gawon nan da filin da ke kewaye da shi na mahaifinsa ne, ganin ido kawai ya sa tsohon ya ƙyale. Ya ce shi ba don kansa yake nema ba, ya yi niyyar ba da wurin sadaka a yi sabon filin Idi. Wa zai buɗe baki ya ce ba ya son filin Idi? Nasiru ma, da aka tambaye shi, cewa ya yi shi ba ruwansa da maganar gona. Gambar da aka dasa a matsayin iyaka kuwa tuni garmar shanun Hashimu ta cinye ta kaɗan-kaɗan, ba a bar ko tushe ɗaya ba.

Magana ta kai gaban sarki, ya turo wakilinsa. A ƙasar nan, in iyaka ta ɓace kuma shaidu sun ƙare, rantsuwa ce ke raba gardama. Mai rantsuwa yakan yi alwala, ya tuɓe takalmi, ya rungumi Alƙur'ani, ya taka iyakar gonar da ƙafarsa tun daga kusurwar da ya fara har ya dawo gare ta. Inda ya taka, nan ne iyaka har abada. Ba a yin rabi a tsaya; rabin rantsuwa ba rantsuwa ba ce. Mutane na tsoronta ƙwarai, don kowa na da labarin wani da ya taka ƙarya bai ga kaka ba. Hashimu ya ce shi yaro ne lokacin da aka yi iyakar, ba zai rantse kan abin da bai gani ba. Barira ta ce za ta rantse da nata littafin, aka yi mata ca, aka ce rantsuwar 'yan asiri ba ta kama kowa. Wakili ya tambaye ta ko akwai Musulmin da zai tsaya mata. Ta ce yayanta yana wurin ranar da mahaifinsu da tsohon mai gari suka dasa gambar. Aka sa ranar Alhamis.

Ran Juma'a bayan La'asar, Hashimu ya zo ƙofar gidan Ilyasu da kansa, ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin tabarma kamar ɗa mai ladabi. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya zo ga magana.

"Baba Ladan, ni ban ce ka yi ƙarya ba, Allah shi kiyaye. Shekara talatin da biyar hwa ba kwana talatin da biyar ba ce. Ka ce ka manta, shi ke nan. Wa zai kama tsoho da laihin mantuwa?"

Ya ƙara da cewa akwai masu gunaguni wai muryar ladan ta gaji, shi ne ma yake tsawata musu. Amma in ladan ya fito ya tsaya wa masu shan jini a gaban jama'a, to shi ba zai iya rufe bakin kowa ba. Ya faɗi wannan a hankali, yana kallon ƙasa, sannan ya yi sallama ya tafi.

Ilyasu bai manta ba. Ya san gawon na Barira ne, don shi ya riƙe wa mahaifinsu kwandon gambar, kuma a gabashin itacen aka dasa ta. In wannan ne kawai, da da sauƙi. Abin da ya hana shi cin tuwo a daren nan da kashegari wani abu ne daban, wanda duk garin ba mai saninsa sai shi da ita.

Gonarsa ce ke yamma da tata. A shekaru huɗun da ta yi jinyar miji, shi ya riƙa noma mata, har ya tuge gambar da ke tsakaninsu don aikin ya zo da sauƙi. Alamar da ta rage ita ce wata aduwa a kusurwar arewa. Da Barira ta dawo ya ji abin da ta dawo da shi, zuciya ta ɗebe shi. Ranar da ya je mayar mata da gona, bai tsaya a aduwar ba. Ya ƙirga taki bakwai zuwa cikin nata, ya ja layi da hauya, ya ce nan ne. Ya gaya wa kansa wadda ta bar addinin ubanta ba ta cancanci ƙasar ubanta cif ba, alhali ya san kyauta ce tsohon ya yi mata da ransa da lafiyarsa. Barira ta dubi layin, ta dubi aduwar, ta dube shi. Da ruwa ya sauka ta shuka yakuwa a kan layin da ya ja, yadda mata ke yi a bakin gona, kuma kowace shekara tun daga nan sai ta sake shukawa. Aduwar ta bushe an sare ta, kututturen yana nan tsakiyar geronsa.

Saboda haka in ya ɗauki Alƙur'ani ran Alhamis, ba gefen Hashimu kaɗai zai taka ba, dole ya kewaya har nasa gefen. In ya bi yakuwa, ya rantse kan ƙarya. In ya bi aduwa, ya tona kansa a gaban garin da ke kiransa mai gaskiya. In kuwa ya ce ya manta, ya tsira da kiran sallarsa da mutuncinsa da taki bakwai ɗinsa, Barira ta rasa gawo da kusan sulusin gonarta. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Shi kuwa shekara ashirin da shida ya yi a kan nasa tudun yana hangen nata.

Ran Asabar ya sami liman, Malam Kadi, a zauren masallaci, tsoho mai sanyin magana. Ya tambaye shi tsakaninsa da Allah, abin da mutanen gawo ke yi addini ne ko tsafi. Liman ya ce ai wannan ba abin tambaya ba ne ga wanda ya yi karatu. Ma'abota littafi ne, sun kauce hanya a kan Annabi Isa, kaucewa babba, amma ba matsafa ba ne, kuma dukiyarsu da gonarsu haramun ce ga Musulmi kamar ta kowa. Ilyasu ya ce to me ya hana ya faɗi haka a huɗuba jiya? Liman ya ɗaga kai ya dubi sabon rufin kwanon da Hashimu ya yi wa masallacin bara, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce shi tsoho ne, kuma damina ce. Da Ilyasu ya miƙe zai tafi, ya tambaya ko akwai zunubi a kan wanda ya manta.

"Babu," in ji liman. "Amma ka manta ɗin?"

Ran Lahadi da hantsi ya saɓa hauya ya tafi gona, wai zai yi maimai. Gero ya kai ƙugu, ya yi shar. Ya yi 'yan kunya biyu, sai ya ji waƙa daga gabas. Ya jingine hauyar, ya tsallake layin yakuwa, abin da bai taɓa yi ba, ya ratsa gonar ƙanwarsa har bayan rumfar. Gani ya kori ji, ya ce a ransa.

Abu na farko da ya lura da shi, rumfar ba ta ma da ƙyaure, balle a rufe. Wata kaza ta shiga da 'yan tsakinta aka kore ta da gefen zane. Mutum goma sha huɗu ya ƙirga, yawancinsu tsofaffi, duk ya san su ya san iyayensu. Mai yi musu wa'azi wani dattijo ne da ya ɗaure tabaransa da zare, yana karatu da Hausa yana bin layi da yatsa. Da ya kira Annabi Isa da sunan da suke kiransa, Ilyasu ya yi a'uziyya a ransa, ya ji kamar ya juya. Sai kuma ya ji dattijon ya ambaci jiki, ya ambaci jini. Ya matsa ya sa ido a ramin zana.

Burodi ne guda ɗaya, irin na kasuwar Gangara, aka gutsuttsura a faranti. Barira ta tashi ta ɗauko tulu ƙarami ta fara zubawa a kofunan shayi. Abin ja ne wur. Kafin ya gama tsorata, ƙamshin ya iso shi ta cikin zanar, citta da kanumfari da ɗan tsami. Zoɓo ne, haɗin mahaifiyarsu sak. Kuma ya san inda aka samo shi, don duk kaka yana ganinta tana tsinke jajayen kawunan yakuwar nan da ke kan layin da ya ja, tana shanyawa a kan zana.

Ya tsaya har suka yi addu'a. Suka roƙi ruwa, suka roƙa wa masu mulkin ƙasa basira, suka roƙa wa wanda zai zama mai gari adalci, ko wane ne shi. Sai ya ji muryar Barira, ƙasa-ƙasa, tana roƙa wa yayanta sauƙin ciwon gwiwa. Bai san ta san yana ciwon gwiwa ba. Ya koma gonarsa ya zauna a kan kututturen aduwa, kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta barin mutum ya ɗaga kai ko da ba kowa a wurin. Bai sauya ra'ayi kan addininsu ba ko kaɗan. Ɓata dai ɓata ce a wurinsa. Amma ya ga abin da suke yi da idonsa, ba abin da suka ɓoye wa kowa, shi ne mai abin ɓoyewa.

Ran Alhamis gari ya fito kaf. Aka ajiye wa wakilin sarki kujera a inuwar gawo, jandarma biyu suka tsaya a bayansa don kada a yi rigima. Hashimu yana gefe da jama'arsa cikin farar shadda. Barira tana can ita kaɗai a bakin rumfa, sauran mutanenta sun ja baya. Wakili ya kira ladan, ya tambaye shi ko yana tune da inda aka dasa gambar. Hashimu ya dube shi ya ɗan gyaɗa kai, kamar mai cewa faɗi mu tashi.

"Ranka shi daɗe, ina tune," in ji Ilyasu. "A ba ni ruwa."

Aka kawo masa buta. Ya yi alwala a hankali, ya tuɓe takalmansa ya ajiye su gefe guda. Liman ya miƙo masa Alƙur'ani a cikin gafaka. Ilyasu ya rungume shi a ƙirji, ya tsaya a kusurwar kudu maso gabas, ya ɗaga muryar nan da kowa ya sani, ya rantse cewa inda ƙafarsa za ta taka nan ne iyakar da mahaifinsu ya yi wa Barira, in ya ƙara ko ya rage, Littafin ya ci shi.

Ya nufi arewa. Ya bi ta gabashin gawon, ya bar itacen da rumfar a hannunsa na hagu, cikin gonar Barira. Guna-guni ya tashi a cikin mutanen Hashimu. Wani ya ce jini ya ja shi, wani ya ce sun ba shi ya sha. Jandarma ɗaya ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ilyasu bai waiga ba. Ya kai kusurwar arewa ya juya yamma, yana ɗingishi kaɗan, ƙaya na sukarsa bai tsaya cirewa ba, jama'a na biye da shi a baya kamar masu rakiyar gawa.

Ya iso layin yakuwa. Kowa ya san nan ne ƙarshen gonar Barira, har waɗanda ke gaba sun fara karkata kudu don su ba shi hanya. Ya tsaya. Ba wanda zai ce komai in ya juya a nan. Hashimu ma ba ruwansa da wannan gefen. Ya dubi jajayen karan yakuwar, sannan ya ɗaga ƙafa ya tsallake su ya shiga cikin geronsa.

"Yaya," in ji Barira daga baya. "Yaya, ya isa. Ba don wanga gehe na kira ka ba."

Bai amsa ba, don mai rantsuwa ba ya magana sai ya dawo inda ya fara. Ya yi taki ɗaya, biyu, gero na karyewa a ƙarƙashin ƙafarsa, har bakwai, ya dafa kututturen aduwa da tafin ƙafa. Daga nan ya juya kudu ya ratsa tsakiyar shukarsa tun daga wannan baki har wancan, ya bar hanya a bayansa kamar wadda saniya ta bi. Tsofaffin da ke wurin suka fara duban juna, don sun tuna aduwar. Kafin ya kai ƙarshe, har yara sun gane abin da suke kallo.

Da ya dawo kusurwar da ya fara, ya mayar wa liman gafakar, ya juya ga wakili.

"Ranka shi daɗe, gawo nata ne. Taki bakwai ɗin can ma nata ne. Ni na ci mata su, shekara ashirin da shida, don ta bar addinina. Ba wanda ya sa ni."

Wakili ya ce rantsuwa ta yanke magana, a dasa gamba inda ƙafa ta taka. Hashimu ya kaɗe rigarsa ya shiga mota. Jama'a suka watse biyu-biyu, uku-uku, kowa da abin da yake faɗa, kuma ba duka ne mai daɗi ba. Waɗanda suka so ya yi shiru sun ce ya sayar da Musulunci, waɗanda suka daɗe suna jin haushin a ce masa mai gaskiya sun ce ashe ɓarawon gona ne ke tashinsu salla.

Kwana biyu bayan haka aka aiko a karɓi mabuɗin ɗakin amsa-kuwwa, wai don ya huta. Ya bayar, amma ya ji zafin abin har cikin ƙashinsa. Ranar zaɓe Hashimu ya ci da tazarar ƙuri'a goma sha ɗaya. Tun daga ranar ba a sake jin maganar masu shan jini ba, mai nama ya koma miƙa wa Barira tsoka a hannu, sabon filin Idi kuma ba wanda ya ƙara tuna shi, tsohon ya ishi kowa kamar yadda ya saba isa. Abin da aka ɗauko addini a yi da shi an riga an yi, sai aka mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Wata Talata da rana Ilyasu yana durƙushe a bakin kututturen aduwa yana dasa gamba, sai ya ji kiran Azahar daga gari. Sabuwar murya ce, mai ƙarfi, tana sauri kamar ana korarta. Ya ji leɓɓansa na motsi da kansu suna bin kalmomin, ya sunkuyar da kai har aka gama. Da ya ɗago, Barira na tsaye a gabansa da ƙwarya a rufe da faifai, da butar ruwa a ɗaya hannun.

Ya ce mata geron da ke cikin takin nan nata ne, in ya nuna ta girbe. Ta ce ai shi ya shuka. Ya ce shekara nawa yana girbe nata? Can ya tambaye ta abin da ya daɗe yana cin ransa, me ya hana ta kai shi ƙara tun farko.

"In na kai ka, ƙila in samu gona," ta ce. "To yaya hwa, ina zan samo wani?"

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce mata shi dai har gobe yana ganin ta ɓata hanya, kuma kullum yana roƙa mata shiriya bayan kowace salla. Ta ce ta sani, ita ma tana roƙa masa. Sannan ta durƙusa ta buɗe faifan ta miƙa masa ƙwaryar. Ja ne wur, ƙamshin citta na tashi. Ya dube shi, ya dube ta.

"Wanga na sha ne, ko na ibadarku?"

"Na sha ne, Yaya. Amma ba zan ɓoye maka ba, tukunya guda nike dahwa su."

Ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, ya ɗan jima. Sannan ya yi bisimilla ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya sha fiye da rabi. Ya ce citta ta yi yawa, Inna ma haka take cikawa. Barira ta juya fuska gefe tana gyara ɗaurin kallabin da bai kwance ba.

Ya ce lokaci na wucewa, ta ba shi ruwa. Ta zuba masa a hannu ya yi alwala, ya shimfiɗa rawaninsa a kan sabuwar iyakar ya fuskanci gabas. Ita kuwa ta zauna a kan kututturen, ƙwaryar a cinyarta, tana jira ya sallame ya shanye sauran.